Wai mutanen kogo sun fi mu kwanciyar hankali?

Baba Tafinta (Makka): Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya cika mini ciki. Shekara 26 ina tsaye a shago ɗaya a hanyar Misfala, tsakanin mai shago da alhazanmu. Shi ba ya jin Hausa, su ba sa jin Larabci, ni ne bakinsu, ni ne kunnensa. Da wannan aikin na aurar da 'ya'ya uku, na tayar da ɗakuna biyu a gida. Jiya bayan La'asar ɗan mai shagon, yaron da aka haifa a gabana, wanda na sha saɓawa a kafaɗa in kai shi Harami, ya ja ni gefe ya ce daga ƙarshen wata an gode. Ya ɗaga wayarsa ya nuna mini. Wai yanzu alhaji zai yi magana a bakin waya ta juya masa da Larabci, ba albashi, ba kuɗin iƙama (takardar izinin zama a Saudiyya), ba zuwa hutu.

Daren jiya ban runtsa ba. Na ce wallahi mutanen kogo sun fi mu kwanciyar hankali. Mutumin da ya rayu kafin a san rubutu, kafin a san kuɗi, abin da ya sani yana cikin kansa da hannunsa. Ya san sawun barewa, ya san inda ruwa ke kwanciya, ya san saiwar da ake ci da wadda ke kisa. Ba wanda zai wayi gari ya ce masa an gode, daga yau ba a bukatar saninka. In ya tsufa kewaye shi ake yi, don shi ya san hanya. Mu kuwa a zamanin ƙirƙirarriyar basira, furfurarka ita ce laifinka. Ku gaya mini tsakani da Allah, tsakanin shi da ni wa ya fi mutunci a idon mutanensa?

Sale Direba (Ha'il): Innalillahi. Allah ya musanya maka da mafi alheri, Baba.

Maman Rayyan (Jidda): Subhanallah, Yaya. Shekara 26 a sallami mutum a tsaye? Allah ya buɗe wata ƙofar.

Malam Abu Huzaifa (Madina): Baba, Allah ya ba ka mafita, arziki ba a hannun ɗan mai shago yake ba. Amma akwai kalmar da ba zan bari ta wuce ba, don akwai yara a zauren nan. "Mutanen kogo." Su wane ne? Wannan kalmar ba tamu ba ce. An kwaso ta ne daga masu cewa mutum ya fara kamar dabba, tsirara, ba magana, yana gurnani a rami. Mutumin farko a wurinmu Annabi Adamu ne, alaihis salam, kuma Allah ya sanar da shi sunaye dukkansu, aya ta 31 a Baƙara. Sannan kana zaune a Makka. Kogon Sauru ba shi da nisa da unguwarku, nan Manzon Allah (SAW) ya kwana uku da Abubakar. Wahayi a kogon Hira ya fara sauka. Samarin Kahfi shekara 309 suka yi a kogo. Bai dace musulmi ya mai da kogo alamar duhun kai ba.

Baba Tafinta: Allah ya gafarta Malam, ai ban zage su ba. Yabonsu na yi, cewa na yi sun fi ni.

Malam Abu Huzaifa: Yabon ne ya shigo da aƙidar ta bayan gida, Baba. Da ka amince akwai "mutanen kogo" ka riga ka amince da rabin maganar.

Abu Sumayya (Madina): Malam ya gama magana. Allah ya ƙara wa Malam ilimi.

Nura (Riyad): Malam, da girmamawa. Ba wanda ya ambaci dabba a nan. Mutane sun zauna a kogo, wannan ba aƙida ba ce, abu ne da ake tonowa a gani. Kuma ba sai an je nesa ba. Arewa da Madina inda kake, wajen Khaibara, kimanin kilomita 125, akwai kogon Umm Jirsan. Narkakken dutse ne ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya bar rami mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi. A 2024 masu bincike suka fitar da abin da suka samu a ciki: gawayin wuta, duwatsun da aka fiƙe don yanka, ƙasusuwan tumaki da awaki, da na mutane. Makiyaya ne ke yada zango a wurin tun sama da shekara 7,000. Mutane ne masu garke da dabara, sun sami inuwa a ƙasa mai zafi sun shiga. Ina duhun kai a nan?

Malam Abu Huzaifa: Shekara 7,000 wa ya ƙirga? Kana wurin?

Nura: Ba na wurin, amma akwai yadda ake aunawa. Duk abu mai rai yana shan wani nau'in sinadarin kabon daga iska da abinci. Ranar da ya mutu shan ya tsaya, abin da ke jikinsa ya fara raguwa, rabinsa na tafiya duk shekara 5,730. In aka auna abin da ya rage a gawayi ko ƙashi, sai a lissafa. Wannan awon yana aiki har wajen shekara 50,000. Abin da ya wuce haka sai a koma wasu hanyoyin, kamar auna rabon da ƙwayar yashi ta yi da ganin hasken rana. Da irin wannan aka auna sawun ƙafar mutane guda bakwai da aka gano a hamadar Nafud, a bakin wani tafki da ya ƙafe, tare da sawun giwaye da raƙuma. An ce shekara 120,000, an sanar a 2020. Hukumomin ƙasar nan ne da kansu suka sanar.

Abu Sumayya: Dubu ɗari da ashirin! La haula. Yaro, ka ji tsoron Allah.

Nura: Kawo mini aya ko hadisi ingantacce da ya faɗi adadin shekarun da ke tsakaninmu da Annabi Adamu, in janye yanzun nan.

Abu Sumayya: Na ji wani malami a bidiyo ya yi bayani. In na samu zan turo.

Sale Direba: Ni dai ba ɗan boko ba ne, ba kuma malami ba, amma abin da idona ya gani zan faɗa. Na kai kaya Jubba, kilomita wajen 90 daga Ha'il, tsakiyar yashi ko ta ina. Da na sauke kaya wani ɗan garin ya ce in zo in ga dutse. Wallahi jama'a na tsaya na rasa bakin magana. Zanen shanu ne a jikin dutse, masu dogon ƙaho kamar na Fulaninmu, ga mutane dogaye da kwari da baka, ga karnuka. An sassaƙa shi ya shiga dutsen, in ka sa yatsa kana jin zurfinsa. Na ce shanu a nan? Me za su ci? Ya ce da wurin tafki ne. Amma abin da nake so in ce, ba kogo ba ne. A fili yake, a jikin dutse, rana na dukansa. To in a bakin tafki suke zaune, don me za a ce musu mutanen kogo? Nan kam ina bayan Malam.

Nura: Kawu Sale, abin da ka gani hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin kayan tarihin duniya tun 2015, shi da na Shuwaimis. A Shuwaimis har karnukan da aka ɗaura wa igiya aka zana, maharbi na riƙe da su a ƙugu. Kuma gaskiyarka, yawancinsu ba a kogo suke kwana ba. Abin da ya sa sunan ya bi su, kogo ne ke adana kaya. Bukkar kara da rumfar fata sun ruɓe tuntuni, abin da ke cikin rami ya tsira. Amma wannan ba bayan Malam kake ba, bayana kake. Malam cewa ya yi ba a yi su ba.

Malam Abu Huzaifa: Kada ka sa mini magana a baki. Ban ce ba a yi mutane ba. Samudawa ma sun fafe duwatsu sun yi gidaje, Alƙur'ani ya faɗa. Kalmar na ƙi, da abin da take ɗauke da shi.

Sale Direba: To a ce musu me? Mutanen da?

Abu Sumayya: Mutanen da ai kakanninmu ne. Kakana bai taɓa kwana a rami ba.

Nura: A ce musu mutanen zamanin dutse. Ko Bahaushe yana da nasa. A Dufuna ta jihar Yobe, 1987, wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwale a ƙarƙashin ƙasa. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa wajen 8,000, an fafe shi daga itace guda da gatarin dutse, goshinsa a fiƙe tsaf. Wanda ya yi wannan gwani ne. A Birnin Kudu ma akwai zanen shanu a jikin duwatsu.

Abu Sumayya: Zamanin dutse kuma? Daga kogo an koma dutse. Duk kanwar ja ce.

Maman Rayyan: Ku dakata maza. Kun kama kalma kun bar mutum a tsaye da damuwarsa. Yaya, ni ƙanwarka ce, kuma zan gaya maka gaskiya. Kwanciyar hankalin da kake cewa, ta wa? Kai maharbin kake hange, ni matarsa nake hange. Ba sai na je zamanin kogo ba. Kakata ta haifi goma sha ɗaya, huɗu suka girma. Ƙyanda ta shigo garinsu damina ɗaya ta ɗauke mata biyu a mako guda. Na taso na ga gwiwoyinta sun yi kanta saboda durƙuso a dutsen niƙa tun asuba, kuma ita tana da gero a rumbu, tana da rijiya a ƙofar gida. To ina ga wadda ba rumbu, ba rijiya, naƙuda ta kama ta a daji ana tafe bayan namun da suka yi ƙaura? Masana na cewa kusan rabin yaran da ake haifa a zamanin da ba sa kai balaga. Ni na haifi Rayyan da tiyata. A wancan zamanin da ni da shi duk an binne mu rana ɗaya. Ba zan iya cewa sun fi ni ba.

Amma a kan wayar nan ina bayanka ɗari bisa ɗari. Bara na raka wata ƙanwar mahaifiyata asibiti, ta zo Umra jikinta ya ƙi. Kafin in dawo daga biyan kuɗi, yarinyar da ke karɓar marasa lafiya ta kara mata waya a baki. Tsohuwa ta ce shawara ke damunta, idonta ya yi ɗorawa. Waya ta juya wa yarinyar cewa tsohuwa shawara ta zo nema, wato a ba ta nasiha. Aka nuna mata kujera ta jira. Da ban dawo da wuri na ce musu su dubi idonta ba, Allah kaɗai ya san awa nawa za ta yi a nan.

Baba Tafinta: Allah ya yi miki albarka, Hajiya. Abin da nake faɗa ke nan. A gabana wata Hajiyar Katsina ta taya sallaya, ta ce a sallama mata a riyal talatin. Waya ta gaya wa yaron wai ya yi mata sallama. Ya ce assalamu alaikum, ta ce wa alaikumus salam, suka tsaya suna kallon juna. Ni na san in alhaji ya ce "bari in zagaya in dawo" ba dawowa zai yi ba, sai in ce a rage masa biyar tun bai kai ƙofa ba. Waya ta san wannan?

Nura: Yau ba ta sani ba, Baba, amma ba zan yaudare ka ba. Abin yana koyo ne daga yawan rubutu da muryar da aka zuba masa. Hausa kaɗan ce a intanet in aka gwada da Larabci ko Turanci, shi ya sa take tuntuɓe. ChatGPT a Nuwamba 2022 ya fito, duba inda aka kai yanzu. Ƙasar nan ma tun 2019 ta kafa hukuma sukutum don bayanai da ƙirƙirarriyar basira. Ba tsayawa za a yi ba.

Malam Abu Huzaifa: Ga wata kalmar kuma. Basira hasken zuciya ce, Allah ke bayarwa. Ƙarfe da wayar lantarki ba su da zuciya. Wanda ya fara kiran abin nan basira ya yi wa harshe ta'adi.

Abu Sumayya: Kuma "ƙirƙira" ma a duba ta. Allah kaɗai ke ƙirƙira.

Sale Direba: A'a Abu Sumayya, halitta ce ta Allah kaɗai. Maƙeri ma yana ƙira, mai labari yana ƙirƙira.

Abu Sumayya: Ba da kai nake ba.

Ɗan Mai Wurno (Jidda): Salamu alaikum. Tun ɗazu ina karantawa. Baba, ni daga Sudan nake, kuma ƙasarmu tana da abin cewa a maganar nan ta fuska biyu. Garin Sinja ba shi da nisa da garinmu, duk bakin kogi ɗaya. A nan aka tsinci ƙoƙon kan mutum a 1924, ya zama dutse, masana suka ce ya haura shekara 130,000. Wannan ɗaya. Na biyu, can arewa kusa da Wadi Halfa, lokacin da ake gina madatsar ruwan Aswan a shekarun 1960, an tone wata maƙabarta a Jabal Sahaba. Mutum wajen 60, shekara 13,000 da binne su. Da yawansu da tsinin kibiya na dutse a cikin ƙashi, maza da mata har da yara. Wasu raunin ya warke aka sake harbinsu. Ke nan ba yaƙin rana ɗaya ba ne, zaman ɗar-ɗar ne na shekaru. Gaskiya ne ba wanda ya kore su daga aiki, amma kibiya na jiransu a mashaya.

Kuma mu mun ga zamanin biyu a wuri ɗaya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, akwai lokacin da 'yan'uwana suka yi watanni ba wuta, ba layin waya, injin niƙa ya tsaya. Goggona ta tono dutsen niƙan uwarta da aka jingine a bayan ɗaki ta koma niƙa dawa da hannu, yara na ɗebo ruwa a kogi. Tana durƙushe a kan dutsen, jirgi marar matuƙi na shawagi a sama. Da na same ta a waya daga baya, ba ta ce mini ta sami kwanciyar hankali ba. Cewa ta yi in turo maganin hawan jini. Wanda ke son rayuwar da, mu mun ɗanɗana masa ita.

Maman Rayyan: Allah ya kawo muku ƙarshen fitinar nan. Amin.

Malam Abu Huzaifa: Amin. Kuma kisa bai zama labari ba, tun Ƙabila da Habila. Wannan ma hujjata ce, mutane ne cikakku masu binne mamatansu, ba "mutanen kogo" ba.

Abu Fahad (Makka): Ni maganarku ta kogo ba ta dame ni ba. Ammu Tafinta ya yi maganar mutunci, a nan zan tsaya. A Oktoba 2017 a Riyad aka tsayar da mutum-mutumi mai suna Sophia a gaban taro aka ce an ba ta jinsiyya, wato shaidar zama 'yar ƙasa. Ba ta da uwa, ba ta da kabari a ƙasar nan. Ni a Makka aka haife ni, a Makka aka haifi babana, kakana yana kwance a Ma'ala. Duk shekara sai na sabunta iƙama. Mutumin zamanin dutse in ya ga tafki ya sauka, ba wanda zai tambaye shi takarda.

Alhaji Sakatare: Abu Fahad, ka san dokar zauren nan. Ba a taɓa wannan fannin. Gargaɗi na farko.

Sale Direba: Haƙuri za mu yi, Abu Fahad. Mu Takari haka Allah ya rubuta mana.

Abu Fahad: Wane ne Takari? Kai da ka zo shekaranjiya da bizar aiki kake haɗa ni da kai? Wannan sunan da shi ake jifanmu tun muna makaranta. Ka faɗa wa kanka, kada ka faɗa mini.

Sale Direba: Shekarata 14 a ƙasar nan, ba shekaranjiya ba. Kuma ni ban ɗauke shi zagi ba. In kai ba Takari ba ne, Balarabe ne kai? Su sun karɓe ka?

Ɗan Mai Wurno: Sunan daga Takrur yake, tsohuwar daula ce a yammacin Afirka, da shi Larabawa ke kiran duk alhajin da ya fito daga wajenmu tun ɗaruruwan shekaru. Asalinsa ba zagi ba ne, baki ne ya ɓata shi. Mu a Sudan Fallata ake ce mana, ko kai Bahaushe ne ko Babarbare. Kakanninmu bayan yaƙin Burmi a 1903, da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, suka biyo ɗansa Mai Wurno da ƙafa har bakin Nilu. Wasu suka zarce Sawakin suka haye teku. Wataƙila kakan Abu Fahad ta ƙofar gidanmu ya wuce.

Abu Fahad: Kakana Bakano ne, da guzurinsa ya zo, bai tsaya noman auduga a gonar kowa ba.

Ɗan Mai Wurno: Noman audugar Jazira da kake rainawa shi ya kai dubban alhazai Makka. Mutum ya yi damina biyu ko uku yana tara kuɗin jirgin ruwa. Ka janye wannan maganar.

Abu Fahad: Sale ya fara janye tasa.

Abu Sumayya: Ku bar wannan. Ni tambayata ga Nura. Duk lambobin nan da kake zubowa, kilomita kaza, shekara kaza, daga kanka suke ko na'urar ce ke rubuta maka? Don ban ga ɗan adam da zai haddace wannan ba. In ita ce, to da na'ura Malam ke muhawara, ba da kai ba.

Nura: Wallahi da hannuna na rubuta. Shekarar Dufuna kawai na duba don kada in yi kuskure. Malam ma in zai kawo hadisi yana duba littafi. Kai bidiyon da ka ce za ka turo yana ina?

Abu Sumayya: Ka ji! Ya haɗa littafin hadisi da waya. Alhaji Sakatare ka gani da idonka.

Nura: Ban haɗa ba. Dubawa na ce.

Malam Abu Huzaifa: Ɗana Nura, na girme ka, kuma ina yi maka nasiha don Allah. Karatun boko ba laifi ba ne, amma ka iya bakinka a gaban manya.

Maman Rayyan: Malam, yaron nan bai yi rashin kunya ba. Tun farko "da girmamawa" ya fara. Abu Sumayya ne ke hura wuta, kuma kowa ya san ɗalibinka ne.

Abu Sumayya: Hajiya, maganar ilimi ake yi.

Maman Rayyan: To wane ilimi ka kawo tun La'asar in ban da "Malam ya gama magana"?

Baba Tafinta: Jama'a don girman Allah. Ni ban zo raba ku faɗa ba. Ku kira su mutanen kogo, ku kira su mutanen dutse, ku kira su abin da kuka ga dama. Hajiya ta gaya mini gaskiya, ɗan'uwana na Sudan ya gaya mini gaskiya, na ji, wahalarsu ta fi tawa. Amma tambayata tana nan ba wanda ya taɓa ta. Tsohon da ya san hanyar ruwa, ranar da ƙafarsa ta gaza, saninsa bai gaza ba. Ni lafiyata ƙalau, harshena biyu suna nan, an ce ba a so. Huɗubar Arfa ma ana fassara ta da Hausa, kuma na san akwai asibitoci da otal-otal da masu jigilar alhazai. Cikin mutum sama da ɗari a zauren nan ba wanda ya san inda ake neman tafinta mai jini a jika?

Abu Fahad: Ammu, ka yi haƙuri, amma sai Sale ya janye.

Sale Direba: Ban zagi kowa ba, ba abin da zan janye.

Alhaji Sakatare: To ya isa haka. Magariba ta gabato, bari in taƙaita don waɗanda ba su bi daga farko ba. Ɗan'uwanmu Baba Tafinta ya sami jarrabawa a wurin aiki, muna yi masa addu'a. Cikin zafin rai ya yi amfani da kalmar da ba ta dace ba, Malam Abu Huzaifa, Allah ya saka masa da alheri, ya gyara masa da hujja daga Alƙur'ani, kuma Baba ya fahimta ya janye. Sale Direba da ya je wurin da ƙafarsa ya tabbatar ba kogo ba ne, ɗan'uwanmu na Sudan ma hujjarsa ta ƙarfafa maganar Malam. Nura ya kawo lambobi masu yawa waɗanda shi da kansa ya amsa cewa a waya ya duba, don haka kowa ya yi hattara da su. Muna ba shi shawara ya riƙa zama da malamai. Hajiya ta yi magana mai kyau a kan wahalar iyayenmu mata, sai dai a riƙa sassauta harshe ga ɗaliban ilimi. Maganar jinsiyya da ta Takari an rufe ta, duk wanda ya sake tayar da ita zan cire shi. Daga yau ba a rubuta "mutanen kogo" a zauren nan, kuma ni a ganina a daina cewa basira, a ce na'ura. Zan rufe zauren har bayan Isha.

Nura: Alhaji, shekara ɗaya tak na ce na duba. Kuma Kawu Sale shanu ya gani, ba hujjar kowa ba.

Ɗan Mai Wurno: Ni ban ƙarfafa maganar kowa ba. Kuma maganar auduga ba a janye ta ba.

Baba Tafinta: Alhaji, ni ma ban janye komai ba. Ƙarshen wata saura kwana tara. Wanda ya ji labarin aiki, lambata tana nan a zauren.